Ida Wells: matar da ta tsaya wa baƙar fata a biranen Amurka

Duk mai kanti ya san hassadar maƙwabci. To, a garin Memfis na Amurka, a shekarar 1892, hassada ta kai ga kisa. Wasu baƙar fata sun haɗa jari sun buɗe kantin kayan abinci, ciniki ya kankama, har wani Bature mai kanti a unguwar ya ga masu saye suna guje masa. Aka tada rigima, aka kai Thomas Moss da abokansa biyu gidan kaso. Cikin dare wasu Turawa suka fitar da su, suka harbe su. Ba a hukunta kowa ba.

Moss aminin Ida Wells ne. An haife ta cikin bauta a jihar Misisipi a 1862. Tana da shekara 16 cutar shawara ta kashe mata uwa da uba, ta kama aikin koyarwa don ta riƙe ƙannenta. Lokacin kisan tana cikin masu wata jarida, sai ta rubuta cewa garin da ba ya tsare ran mutum da dukiyarsa bai cancanci a zauna masa ba. Dubban baƙar fata suka tattara kaya suka bar Memfis, waɗanda suka rage suka ƙaurace wa taragon cikin gari. Turawan garin suka ji a aljihu. Suka farfasa injin jaridarta, ita ma ba ta sake zama garin ba.

A Shikago ta yi aikin da ba a cika tunawa ba. Samari baƙar fata suna kwararowa daga kudu, masaukai ba su karɓarsu, sai gidajen giya da caca, daga nan sai hannun ƴan sanda. A ganinta wanda ya samu wurin kwana da sana'a da wuya ya ɗauki na wani. A 1910 ta buɗe musu gida mai ɗakin karatu da gadaje, inda ake nema musu aiki. Da masu taimako suka janye hannu, sai ta karɓi aikin sa ido kan waɗanda kotu ta saki bisa sharaɗi, tana zuba albashinta cikin gidan. Haka aka yi ta lallaɓawa har 1920, kuɗi ya ƙare aka rufe.

Ta rasu ran 25 ga Maris 1931. A 1941 hukuma ta buɗe gidaje fiye da 1,600 domin talakawa baƙar fata, aka sa musu sunanta. Amma aka bar su ba gyara, rashin aiki da ƙwaya suka shiga unguwar. Tsakanin 2002 da 2011 aka rushe su gaba ɗaya, kuma da yawa daga cikin mazaunan ba su samu komawa sababbin gidajen da aka gina a wurin ba.