Oumarou Ganda: Ɗan dakon da ya ari sunan jarumin Amurka, ya koma gida ya ba da labarin kansa

Ɗauko wayarka ka buɗe inda kake ajiye finafinai. Ko ban leƙa ba na san abin da ke ciki: fassarar Indiya, na Koriya mai dogon zango, Ertugrul na Turkiyya, na faɗa na Amurka guda biyu ko uku, sai kuma namu na Kannywood. Ke ma 'yar'uwa kar ki yi dariya, taki wayar haka take. To a cikinsu akwai fim ɗin Nijar ko guda ɗaya? Ni ma babu a tawa, sai da aka ambaci sunan Oumarou Ganda a ajinmu na nazarin fim na ji kunya ta kama ni. Daga Kazaure in ka bi ta Daura, nan da nan ka kai Kwangwalam. Mutumin Babura kuwa Nijar a bayan gidansa take. Amma mun san jaruman Seoul da Mumbai, ba mu san maƙwabcinmu ba.

An haifi Oumarou Ganda a Yamai a 1935, Bazabarme ne, lokacin Nijar na hannun Faransa. Ya yi firamare, sannan yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa. Ka tuna abin da kake yi kana shekara 16. Shi a wannan shekarun aka ɗauke shi zuwa Indochina, wato Vietnam ta yau da maƙwabtanta, ya je yaƙar mutanen da ke neman 'yancinsu daga hannun Turawan da ke mulkin tasa ƙasar. Faransa ta sha kashi a yaƙin a 1954. Ganda ya dawo gida, bai samu aikin yi ba.

Sai ya yi abin da samarin Roni da Gwiwa ke yi har yau idan an gama aikin damina: ya tafi ci-rani. Ya sauka a Abidjan, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, yana zaune a unguwar Treichville, inda 'yan ci-rani suka yi yawa. A can ya haɗu da Jean Rouch, wani Bafaranshe mai nazarin al'adu kuma mai shirya fim, wanda ke bincike kan 'yan Nijar masu zuwa ci-rani bakin teku. Rouch ya ɗauke shi aikin tattara bayanai, daga baya ya sa shi a gaban kyamara.

Fim ɗin shi ne Moi, un noir, wato Ni, Baƙar Fata, wanda ya fito a 1958. Ga abin da ya fi burge ni. Samarin da ke cikinsa 'yan silima ne na ƙin ƙarawa, har kowannensu ya ari sunan wani jarumi. Ganda shi ne Edward G. Robinson, jarumin finafinan 'yan daba na Amurka. Abokinsa Eddie Constantine, wani Tarzan, budurwar kuma Dorothy Lamour. Da rana suna ɗaukar buhu ko neman aikin da babu, da dare suna mafarkin zama 'yan dambe da masu mota. Duk wanda ya taɓa sa hoton Shah Rukh Khan a shafinsa na Facebook, ko ya kira kansa da sunan jarumin Koriya a TikTok, bai da bakin yi musu dariya.

An ɗauki fim ɗin babu sauti. Daga baya aka haska wa Ganda hotunan, yana kallo yana magana, abin da ya zo bakinsa shi ya zama muryar fim ɗin. Kusa da ƙarshe akwai inda yake tafiya a bakin ruwa yana ba abokinsa labarin yaƙin Indochina, yana faɗuwa ƙasa yana kwaikwayon harbi. Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa, kuma matasan daraktocin ƙasar irin su Jean-Luc Godard sun yaba shi, sun koyi salo daga gare shi. Sai dai fa rayuwar ta Ganda ce, muryar tasa ce, amma sunan da ke jikin fim ɗin a matsayin mai shi na Rouch ne.

Ganda ya koma Yamai, ya shiga ƙungiyar masu sha'awar fim ta cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, inda ake koyar da ɗaukar hoto da tace fim. A nan aka yi gasar rubuta labari, ya rubuta nasa, kuma daga shi aka samu fim ɗinsa na farko, Cabascabo, da harshen Zabarmanci. Yaƙin da ya samu 'yan mintuna a fim ɗin Rouch, yanzu shi ne ƙashin bayan labarin. Ganda da kansa ya fito a matsayin tsohon soja da ya dawo gida da kuɗi. Abokai da maroƙa da 'yan mata suka yi masa caa, aka ci aka sha. Ranar da aljihu ya bushe kowa ya watse, ƙarshenta sai ya nufi ƙauye neman aikin gona. Faɗa mini gaskiya, ba ka san wani a unguwarku da ya dawo daga Legas ko Libya haka ta faru da shi ba? An nuna Cabascabo a bikin finafinai na Cannes a 1969, a wannan shekarar kuma aka karrama shi a bikin Mosko.

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, da a Kano aka yi shi da ba wanda zai ce baƙo ne. Wani Alhaji ya dawo daga Makka, ya ƙyalla ido ya ga wata yarinya da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Kuɗi ya yi aiki, aka ba shi ita a matsayin ta uku. Kishi ya sa ɗaya daga cikin matansa ta shirya hallaka amarya, sai tsautsayi ya faɗa kan ƙawar amarya. Auren dole, kishi, da mai fakewa da addini yana biyan buƙatar ransa, duk Ganda ya taɓo su. A 1972, shekarar farko da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa ta Étalon de Yennenga, wannan fim ne ya ɗauke ta. Ka lissafa: shekara 18 ke nan kafin Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin Kannywood a 1990.

Bayan nan ya yi Saitane, labarin wani malamin tsibbu da ya mayar da sana'arsa kawalci, sai L'Exilé a 1980, wanda ya gina kan tatsuniya game da nauyin alkawari. Zalika Souley, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi suna a fim a Afirka ta Yamma, ta fito a finafinansa. Ranar 1 ga Janairu, 1981, ciwon zuciya ya yi ajalinsa a Yamai, yana da shekara 45. Allah ya jiƙansa. Yau akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai, kuma FESPACO na ba da kyautar Oumarou Ganda ga darakta da fim ɗinsa na farko ya yi fice. Ɗan Najeriya Newton Aduaka ya ci ta a 2001 da fim ɗinsa Rage.

Kar ka ɗauka cewa nake ka goge na Koriya. Ganda ma ai finafinan Amurka ne suka fara cika masa kai. Abin da ya bambanta shi da sauran 'yan kallo, ya kalli na wasu har ya gane cewa nasa labarin ma ya isa a haska. Mu kuma wayar da ke hannunmu tana ɗaukar hoto da sauti lokaci guda, abin da kyamarar Rouch ba ta yi ba, amma mun tsaya a kwaikwayon rawar wasu.

Saboda haka idan ka sayi data a wannan makon, ware kaɗan ka rubuta sunan Oumarou Ganda ka bincika. Daga nan ka nemi Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane, fim ɗin kaboyi da aka yi a Nijar a 1966. Ka nemi Mandabi na Ousmane Sembène ɗan Senegal, na 1968, labarin mutumin da aka aiko wa kuɗi daga Faransa suka zame masa bala'i. Ka nemi Shehu Umar na Adamu Halilu, na 1976, da Hausa, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Samun su sai da ɗan haƙuri, hoton wasu ma baƙi da fari ne. Kar ka ce ba ka jin Zabarmanci ko Faransanci, ai Koriyancin ma ba ji kake ba.

In kuma ka je wurin mai tura finafinai a kasuwa, tambaye shi ko yana da na Nijar. Wataƙila ya yi maka dariya. Idan mu goma muka tambaya, zai nemo.