Wata biyun da Imamu Gazali ya daina yarda da idonsa



Wani matashi ya tare ni bayan Isha'i, a tsorace, yana tambaya ko ya fita daga Musulunci, don zuciyarsa na raya masa cewa ƙila duk abin da yake gani mafarki ne. Sai na ba shi labarin Abu Hamid Gazali, Allah Ya jiƙansa.

An haife shi a Ɗus, cikin Iran ta yau, shekara ta 450 bayan Hijira (1058). Ya yi karatu a Naisabur wajen Imamul Haramaini Juwaini. A 484 waziri Nizamul Mulki ya ba shi koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza.

To, wannan malamin ne fa, da kansa, ya ba da labarin shakkar da ta taɓa kama shi, a littafinsa Almunƙizu minad Dalal. Ya fara tuhumar ido. Inuwa za ka gan ta kamar a tsaye, can an jima ka tarar ta gusa. Tauraro za ka hango shi ɗan mitsitsi, alhali lissafi ya nuna ya fi duniyarmu girma. Ashe hankali kan ƙaryata ido. To shi hankalin fa, wa ya tabbatar babu wani alƙali sama da shi? Ai mai barci ma yakan gaskata mafarkinsa har sai ya farka.

Kusan wata biyu yana fama. Hujja ba ta yi masa magani ba, tunda da hankalin da ake tuhuma ake gina ta. Allah ne Ya haskaka zuciyarsa, natsuwa ta dawo.

Ku lura, bai ƙare da cewa duniya ruɗu ce ba. Ya koma ya amince da hankali, amma ya san iyakarsa. A 488 ya bar matsayinsa na Bagadaza, ya tafi Dimashƙa da Baitul Maƙdis, ya yi hajji, ya rubuta Ihya'u Ulumid Din. Ya rasu a Ɗus a 505 (1111).

Na ce wa yaron nan ido yana da iyaka, amma iyaka ba ƙarya ba ce, kuma tsoron da yake ji alama ce imaninsa na raye. Mu kuma iyaye da malamai, yaro in ya zo da irin wannan tambaya, kada mu kore shi da tsawa. A zaunar da shi, a saurare shi.

Allah Ya tabbatar da zukatanmu a kan shiriya, amin.