Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Manjo Janar Hassan Usman Katsina, Ciroman Katsina

Duk wanda ya tashi a Malali ya san sunan Janar Hassan tun kafin ya san ko wane ne mai sunan. Akwai shi a gidan gwamnati na Kawo, akwai shi kuma a lambun shaƙatawa na Ƙofar Gamji da ke bakin Kogin Kaduna. Sai dai mun lura yawancin 'ya'yanmu sunan kawai suka sani. Shi ya sa a fitowar bana muka ga ya dace mu kawo tarihin wannan bawan Allah, wanda ya riƙe Arewa a lokacin da ta fi kowane lokaci buƙatar mai riƙo, sannan mu yi wa kanmu tuni game da kayan tarihin sojojinmu da ke lalacewa a cikin gidajenmu.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Hassan a Katsina ranar 31 ga Maris, 1933. Mahaifinsa shi ne Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, kakansa kuwa Sarki Muhammadu Dikko. Gidan nasu gidan doki ne, ya shahara da wasan folo, kuma ba baƙo ba ne ga harkar soja, domin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Sarki Nagogo ya yi tattaki har ƙasar Indiya da Bama don ya gaida sojojin Nijeriya da ke can.

Hassan ya fara karatu a makarantar elementare ta Kankiya, ya wuce Midil ta Katsina, daga nan sai Kwalejin Barewa. A 1956 ya shiga aikin soja. A wancan zamani 'ya'yan manya ba su cika sha'awar kaki ba, ana ganin aikin na waɗanda suka rasa abin yi ne, don haka shigar ɗan sarki guda ta ƙarfafa wa samarin Arewa da dama gwiwa. Ya sami horo a Teshi ta ƙasar Gana, sannan a makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, ya fito da muƙamin hafsa a 1958. Yana cikin sojojin Nijeriya da suka yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango a farkon shekarun 1960. Bayan dawowarsa ya zama kwamandan rundunar motoci masu sulke da ke Kaduna.

Ranar 15 ga Janairu, 1966

A wannan muƙami juyin mulkin farko ya same shi yana Manjo. A daren nan aka kashe Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, a gidansa na Kaduna, aka kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa bayan an ɗauke shi a Ikko, tare da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya tunkari Hassan da bindiga a hannu yana neman sanin ɓangaren da yake, shi kuwa ya lallaɓa shi ya nuna ba zai ja da shi ba. Wasu sun soki wannan mataki, wasu kuwa suna ganin da ya yi gardama da an ƙara zubar da jini a Kaduna. Cikin 'yan kwanaki juyin ya wargaje, Manjo Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki, ya naɗa Hassan Gwamnan Soja na Jihar Arewa, yana da shekara 32 da haihuwa.

Riƙon Arewa

Ya gaji ƙasa mai makoki da fushi. Abin da ya yi shi ne ya jingina da gogaggun ma'aikatan da Sardauna ya bari, musamman Sakataren Gwamnati Malam Ali Akilu, ya kuma riƙa tuntuɓar sarakuna. Duk da haka shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Doka ta 34 ta watan Mayu, wadda ta rushe tsarin jihohi ta haɗe mulki wuri guda, ta jawo tarzoma a garuruwan Arewa. Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na biyu, Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa. A watannin Satumba da Oktoba aka yi kashe-kashen da suka ci rayukan dubban 'yan ƙabilar Ibo mazauna Arewa. Wannan baƙin tabo ne a tarihinmu, kuma ya faru ne a zamanin mulkinsa, ko da yake ya yi ta kiran jama'a da sojoji su mayar da wuƙa kube.

Yana cikin shugabannin da suka halarci taron sulhu na Aburi a Gana ranakun 4 da 5 ga Janairu, 1967. Ranar 27 ga Mayu na wannan shekara Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa. Hassan ya amince da rushe kujerar da yake kai, ya shugabanci hukumar riƙon ƙwarya da ta kula da kadarorin da sababbin jihohin suka gada tare. Daga 1968 zuwa 1971 shi ne Babban Hafsan Sojojin Ƙasa. A lokacin yaƙin basasa, wanda aka fara a Yulin 1967 aka gama ranar 15 ga Janairu, 1970, rundunar ta bunƙasa daga kimanin mutum 10,000 zuwa wajen 250,000. Ɗaukar waɗannan mutane da horar da su da ciyar da su na cikin nauyin da ofishinsa ya ɗauka. Ya yi ritaya a 1975, ya ci gaba da zama dattijon Arewa, mai son folo, wanda aka san shi da kyauta da faɗin gaskiya ba kwana-kwana. Allah ya yi masa rasuwa ranar 24 ga Yuli, 1995, yana da shekara 62.

Abin da ya rage gare mu

Tarihin Janar Hassan yana nan a rubuce. Mai bincike zai iya zuwa Gidan Arewa da ke titin Rabah, wanda aka kafa a 1970 a harabar gidan Sardauna, ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa reshen Kaduna, ya sami takardun zamaninsa. Kayan yaƙin basasa kuma suna gidan tarihin yaƙi na Umuahia. To, ina na ƙananan sojojin da suka yi aiki a ƙarƙashinsa? Ina na iyayensu 'yan Bama, waɗanda har yau barikin Kalapanzin na Kaduna ke ɗauke da sunan kogin da suka yi yaƙi a bakinsa?

Kaduna garin soja ce tun kafuwarta, kuma da yawa daga cikin waɗannan mazaje a unguwanninmu suka yi ritaya. Takardunsu na sallama, da lambobin yabo, da hotuna, da wasiƙun da suka aiko daga bakin daga suna cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gado. Gara na ci, damina na jiƙawa, wani lokaci kuma a ranar rabon gado a zubar da su a matsayin tarkace. Waɗanda suka yi yaƙin basasa suna samari yanzu sun haura shekara 70, kullum kuma raguwa suke yi.

Don haka muna roƙon kowane gida da ke da irin waɗannan kaya ya fito da su ya duba lafiyarsu. A raba takarda da danshi, a ɗauki hotonta da waya, a rubuta sunan mai ita da lambarsa ta soja da bataliyarsa a wata takarda daban. Wanda yake da tsohon soja a raye ya zauna da shi ya naɗi muryarsa. In muka tattara kwafin waɗannan wuri guda, mun aza harsashin ɗakin tarihin Malali ke nan, kuma jikokinmu za su tarar da shaidar abin da kakanninsu suka yi wa ƙasa.

Allah ya jiƙan Ciroman Katsina, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan dukkan mazajenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Amin.