Frank Whittle, Baturen Da Ya Sa Jirgin Sama Shan Kananzir

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama daga Ikeja zuwa Kano, ko zuwa Jidda aikin Hajji, ya ci moriyar wani Bature ɗan Ingila mai suna Frank Whittle. Man da manyan jiragen nan ke sha ba fetur ba ne, kananzir ne, ɗan'uwan wanda muke zuba wa fitilar ƙwai da risho.

An haifi Whittle a birnin Coventry ran 1 ga watan Yuni, 1907. Ubansa makaniki ne. Da ya nemi shiga rundunar mayaƙan sama ta Ingila, har sau biyu aka ƙi shi, don tsawonsa bai wuce ƙafa biyar ba. Bai karaya ba, sai da aka ɗauke shi ɗan koyo cikin 1923, daga bisani ya zama matuƙin jirgi.

A zamanin nan jirage duk masu farfela ne, injinsu kuwa irin na mota ne, mai fistan da fulogi, wanda ke bukatar fetur mai kyan gaske. Whittle ya lura cewa irin wannan inji yana rasa ƙarfi idan jirgi ya yi nisa sama. Sai ya tsara wani dabam, watau injin jet, wanda zai zuƙi iska ta gaba, ya matse ta, a fesa mata mai ta kama wuta, iskar mai zafi ta fita ta baya da ƙarfi ta tura jirgin gaba. Tun da wutar ci take yi ba tsayawa, kamar ta risho, ba lalle sai fetur ba. Kananzir ya isa, ga shi kuma ba ya saurin kamawa da wuta kamar fetur.

Ma'aikatar Jiragen Sama ta Ingila ta duba tsarin, ta ce ba zai yiwu ba. Duk da haka ya yi rajistar fasaharsa cikin 1930. Amma cikin 1935 rajistar ta mutu, saboda ya rasa fam biyar na sabunta ta, ma'aikatar kuma ta ƙi biya masa. Wasu abokansa ne suka nemo kuɗi, aka kafa kamfanin Power Jets cikin 1936. Ran 12 ga watan Afrilu, 1937, injin ya tashi a garin Rugby.

Jinkirin nan ya sa Jamusawa suka riga su, don jirginsu na jet ya tashi cikin watan Agusta, 1939. Na Whittle sai ran 15 ga watan Mayu, 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya yi minti 17 a sama, kananzir ne a tankinsa.

Wahalar aikin ta taɓa lafiyarsa ƙwarai. Cikin 1944 gwamnati ta karɓe kamfanin. Ya yi ritaya cikin 1948, aka ba shi lambar girma ta Sir da kyautar fam 100,000. Ya koma Amurka da zama cikin 1976, a can ya rasu cikin watan Agusta, 1996, yana da shekara 89.

Har yau ƙananan jirage masu fistan galibinsu fetur na musamman suke sha. Manyan kuwa kananzir ne, wanda ake kira Jet A-1, an tace shi yadda ba zai daskare ba sai sanyi ya kai digiri 47 ƙasa da sifiri, don can sama sanyin ya wuce misali.

To, jama'a, abin lura shi ne, wanda aka raina tsawonsa, aka hana shi fam biyar, shi ne ya rage mana tafiyar kwanaki ta koma ta sa'o'i.