Taƙaitaccen Tarihin Carl von Ossietzky

An haifi Carl von Ossietzky a birnin Hambug na ƙasar Jamus cikin shekarar 1889. Tun yana saurayi ya shiga aikin jarida, har ya zama editan mujallar nan mai suna Die Weltbühne a 1927. A 1929 mujallar ta tona asirin yadda Jamus ke gina rundunar mayaƙan sama a ɓoye, alhali yarjejeniyar Versailles ta haramta mata yin haka. Wannan ya sa aka yanke masa ɗaurin wata 18 a 1931, bisa laifin cin amanar ƙasa.

Da Hitila ya hau mulki a 1933, sai aka sake kama shi, aka tsare a sansanin gwale-gwale, inda duka da aikin ƙarfi suka raunana shi, tarin fuka kuma ya kama shi.

A 1936 ne Jamus ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik. Domin kada baƙi su ga aibi, gwamnati ta sauke allunan ƙin jinin Yahudawa daga titunan Balin. Shi kuwa Ossietzky tun watan Mayu aka mayar da shi asibiti, amma 'yan sanda na gadinsa. Baƙi suka sha kallo suka watse, shi yana nan a tsare.

A watan Nuwamba aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Aka hana shi zuwa Oslo ya karɓa, aka hana jaridun Jamus yin sharhi a kai, daga baya Hitila ya haramta wa Jamusawa karɓar kyautar baki ɗaya. Ossietzky ya rasu a asibiti ranar 4 ga Mayu, 1938, bai sake samun 'yancinsa ba.