Shehu Laminu: ɗan Fezzan da ya gindaya wa Ingila sharaɗi

Matafiyin da ya bar Sabha ya nufi kudu, babban garin tarihi da zai fara tararwa shi ne Murzuk. A nan Fezzan aka haifi Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda mutanen Borno da ƙasar Hausa suka fi sani da Shehu Laminu, wajen shekarar 1776. Mahaifinsa malami ne ɗan ƙabilar Kanembu, mahaifiyarsa kuwa Balarabiya ce daga gidan fatake. Ya yi karatu, ya sauke farali, sannan ya gangaro ya zauna a Ngala, kudu da Tafkin Chadi.

A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Ngazargamu. Mai Dunama ya nemi taimakon malamin Ngala, shi kuwa ya tara Kanembu da Larabawan Shuwa suka ƙwato birnin. Daga nan iko ya riƙa zamewa daga hannun Mai zuwa nasa, ko da yake bai taɓa karɓar wannan sarauta ba, Shehu kawai ake ce masa. A 1814 ya kafa Kukawa. Wasiƙun da suka yi musaya da Muhammadu Bello kan halaccin yaƙar Borno suna cikin Infaƙul Maisuri.

A watan Fabrairu na 1823 baƙi suka iso masa ta hanyar da ya sani tun yana yaro: Tarabulus, Sabha, Murzuk, Bilma. Manzannin gwamnatin Ingila ne su uku, Denham da Clapperton da likita Oudney, tare da rakiyar mayaƙan Larabawa bisa izinin Yusuf Karamanli na Tarabulus. Shehu yana da dalilin yin kaffa-kaffa, domin masu mulkin Tarabulus da Fezzan sun daɗe da sa wa dukiyar Borno ido. Duk da haka ya sauke su, ya ciyar da su, ya bar su suka zagaya ƙasa.

Da suka nemi a buɗe wa fataken Ingila ƙofa, amsar da ya aika wa Sarki George na Huɗu ba ta da kwana-kwana. Ya yarda mutum huɗu ko biyar su zo da kaya kaɗan, su saya su sayar su koma, amma kada su wuce haka. A lokacin Ingila ta riga ta mamaye yawancin Indiya ta hannun kamfanin ciniki, don haka da wuya a ce tsoron nasa na banza ne. Ya amince wani matashi mai suna Tyrwhitt ya zauna Kukawa a matsayin wakilin Ingila, sai dai ciwo ya kashe shi cikin 1824, ofishin ya mutu tare da shi.

Clapperton ya dawo ta bakin teku a 1826 ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka domin Shehu, ya tarar Borno da Sakkwato suna yaƙi. Sarkin Musulmi Bello ya riƙe saƙon, Clapperton kuma ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

Shehu Laminu ya rasu a 1837. Ɗansa Umar ya gaje shi, kuma shi ne ya kawo ƙarshen daular Saifawa a 1846.