Muhammadu al-Kashinawi: Bakatsinen da ya karantar da ilimin hatimi a Alƙahira

Duk wanda ya tashi a Madobi ko Kura ya taɓa ganin hatimi a bayan allo: gidaje tara, uku a tsaye uku a kwance, kowane da lambarsa. Abin da da yawanmu ba mu tsaya muka lura da shi ba shi ne, ta kowace fuska aka haɗa lambobin, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za a samu. Idan gidajen suka zama biyar sau biyar, jimillar 65 ce. Wannan lissafi ne, kuma ɗaya daga cikin gwanayensa a ƙarni na 18 mutumin Katsina ne.

Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya yi karatu a ƙasar Hausa da Barno, a gaban malamai irin su Muhammadu al-Wali na Bagarmi da Muhammadu Bindu. Wajen 1730 ya kama hanyar Makka. Bai sake dawowa gida ba.

A 1732 ya kammala Bahjatul Afaƙ, littafinsa a kan ilimin haruffa da hatimi, inda ya shimfiɗa ƙa'idojin cika hatimi mai gidaje mara, wato uku ko biyar ko bakwai zuwa sama, ba tare da lalube ba. A cikin hanyoyinsa akwai wadda ake ajiye kowace lamba da irin tsallen da doki ke yi a wasan dara na shaɗaranji. Ya kuma yi rubutu a kan nahawu da manɗiƙi.

Ya kamata a tuna wane zamani ne wannan. Newton ya rasu a 1727, shekara biyar kafin littafin. Turawa ma a lokacin koyon hatimi suke: jakadan Faransa, Simon de la Loubère, daga tafiyarsa ta Siyam ya kawo musu wata hanyar cika shi, ya buga a 1691, Leonhard Euler kuwa sai a 1776 ya gabatar da maƙalarsa a kan batun.

Sai dai masu son mayar da al-Kashinawi wani Newton na Afirka kan tsallake rabin labarinsa. Shi bai raba lissafi da asiri ba. Babban littafinsa na biyu, Durrul Manzum, magana yake a kan sihiri da ɗalasimai da taurari, bisa wani aiki da ake dangantawa ga Fakhruddin al-Razi. Ɓoye wannan ba gata ba ne a gare shi. Newton ɗin ma ya shafe shekaru yana bin ilimin alkimiya na mayar da ƙarfe zinariya. Bambancin yana wani wuri: can akwai injin ɗab'i da ƙungiyoyin masana da ke tace aikin mutum su ɗora a kai, nan kuwa littafi daga hannu zuwa hannu yake tafiya, galibi da sharaɗin sirri.

A Alƙahira ya sauka a gidan Hasan al-Jabarti, masanin falaki na Azhar, wanda ya ɗauki ilimin hatimi a wurinsa. A gidan ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar littattafansa. Ɗan Hasan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar baƙon, shi ya adana tarihinsa a cikin kundin da ya ba da labarin mamayar Napoleon a Masar ta 1798.